MUN GAJI DA RAWA A GABAN RUMFA

 

Maganar da muka ɗauko yau ba za ta yi wa kowa daɗi ba, har da wasu manyanmu da muke jin nauyinsu. Su yi mana gafara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, mu kuwa mun daɗe muna ɓoyo. Maganar bukukuwanmu ce: lasar gishiri ta Ingal, Hotungo, Gerewol, Worso, da duk wani taro da muke yi idan damana ta ja baya. Na wa ne su? Kuma me muke komawa ruga da shi bayan an watse?

Duk wanda ya taɓa zuwa ɗaya daga cikin manyan bukukuwan nan ya san yadda abin yake tafiya. Ana kafa babbar rumfa, a jera kujeru masu laushi a gaba, na ƙarfe a baya, sannan a ja igiya. Bayan igiyar nan, cikin rana, mu ne. Tun hantsi ake cewa manyan baƙi suna tafe, sai azahar ta gota motoci su shigo da ƙura. A yi jawabi, a yi tafi, a ƙara wani jawabi. Sannan a ce mu wuce. Raƙuma su wuce, samari masu kwalliya su wuce, mata a kan jakuna da ƙoransu su wuce. A ɗauki hoto. A ba mai kyakkyawan sa buhun dusa da bargo. Kafin la'asar rumfa ta zama kango, manya sun tafi cin abinci, mu kuma mu koma neman inda za mu shayar.

Wata shekara, a wani biki da ba za mu faɗi sunansa ba, an ba wakilin makiyaya minti biyar ya yi magana. Kwana biyu kafin ranar aka karɓi takardar jawabinsa, wai za a gyara masa Faransanci. Da takarda ta dawo, layin da ya yi maganar rijiyoyin da aka killace babu shi, layin burtali babu shi, saura godiya. Lokacin da aka kira shi ma rabin kujerun gaba babu kowa. Bawan Allah ya karanta wa kujeru godiyarsa. Muna tsaye bayan igiya, mu ma muka yi tafi. Wannan tafin da muka yi shi ne yake ci mana rai har yau, ya fi abin da aka yi wa takardar.

Alhali kakanninmu ba don rumfa suka kafa waɗannan taruka ba. Kiwo ne ya kafa su. Idan ruwa ya sauka aka yi shuka a kudu, garke yakan yi arewa ya ba gonaki wuri. A filin Irhazer, wajen Ingal, kimanin kilomita 160 yamma da Agadas, akwai haki mai kyau, akwai ruwa da ƙasa mai gishiri har zuwa Tegidda. Bisa ta lasa, ta sha, cikinta ya wanke, ta yi ƙiba kafin rani. Mutanen da suka yi wata tara ko goma ba su ga juna ba sai su haɗu. A Worso ake yin sunan yaran da aka haifa a daji, a tabbatar da aure, a yi gaisuwar mutuwa. A nan ake ba da saniyar habbanaye ko a mayar da ita. A nan garso yake faɗin inda ya ga haki da inda ya ga cuta, dattawa su zauna su yanke inda za a bi. A nan ake kashe rigimar da ta tashi a bakin rijiya tun bazara. A Hotungo kuma, makiyayi yana nuna wa duniya yadda ya riƙe amanar garke, ya kira shanunsa su bi shi a guje. Rawa tana nan, kiɗa yana nan, tende na Abzinawa yana nan, ba mu raina su ba. Amma a gefen rawar akwai majalisa, tun kafin Bature ya zo da tasa.

Bature kuwa ya gane wannan sarai. Shi ya sa yake aiko mutanensa wurin lasar gishiri, su ƙidaya mu, su karɓi haraji, su yi wa shanu allura, su gana da sarakuna. Gwamnatocin da suka biyo baya ba su bar al'adar ba, don sun san babu wata rana a shekara da za a samu makiyaya wuri ɗaya kamar wannan. Ɗan kasuwa ya gane, yana kawo hajarsa. Masu yawon buɗe ido sun gane, suna zuwa da na'urorin hoto. Masu neman kujera, a zamanin da ake zaɓe, sun gane, suna zuwa da shayi da sukari da atamfa mai hoto. Kowa ya san amfanin taronmu, mu masu taron ne muka manta.

Mu da muke rubuta wannan shafi ba ƴan boko ba ne. Lakkol ɗinmu bai wuce sertifika ba, shi ma da ƙyar. Muna ƙanana aka yi farin 1984. Abin da muka riƙe daga cikinsa shi ne warin mushe, da tafiya kudu a ƙasa, da iyayenmu da suka zama masu gadi a ƙofar gidajen mutane a birni. Muna da wayo sarai ran 30 ga Oktoba 1991, da aka kashe mutum fiye da 100 a Toda, cikin ƙasar Gidan Runji, yawancinsu mata da yara, alhali a Yamai ana zaune ana Taron Ƙasa, ana maganar ƴanci. Amma duk wannan bai shigar da mu ƙungiya ba. Ya dai sa mu shiru, ya sa mu tsoron gari da mutanen gari.

Abin da ya shigar da mu, biki ne. Mun je wani Hotungo mu uku, samari, da sabbin riguna da sanduna, kuma Allah ya sani ba maganar burtali ce ta kai mu ba, kallon ƴan mata muka je. Washegari da safe, kafin a fara kiɗa, muka tarar da dattawa zaune a gindin wani gawo, sun sa rediyo mai kaset a tsakiya. Wani ne ya zo da dokar karkara da aka fassara. Ana saurare, a tsayar da kaset, a yi gardama, a ci gaba. Can sai wani garso ya ce duk wannan surutu ne in ba a rubuta ba, wa ya iya rubutu a nan? Kawunmu ya nuna mu da sanda. Aka miƙo mana kaye irin na ƴan lakkol da bik ɗaya. Kunya ta hana mu gudu.

Daga hantsi har azahar muna rubutu. Kowa ya faɗi inda hanyarsa ta toshe: daga tabki kaza zuwa rijiya kaza, gonar da ta ci burtalin, shekarar da ta ci shi, da wanda zai shaida. Wata tsohuwa da ba a gayyata ba ta zo ta tsaya a gefe, ta ce: “Yaro, rubuta tabkin da aka zagaye da lambu, ni ke kai maruƙa can, su waɗannan ba su san hanyar ba.” Aka yi dariya, amma muka rubuta. Bayan biki aka kai kayen nan gaban kwamitin filaye. Ba za mu yi muku ƙarya ba, yawancin wuraren da muka rubuta har yau a toshe suke. Amma hanya biyu an bi su da ƙafa, da manoma da makiyaya da wakilin sarki, an kafa turakun siminti, kuma har gobe shanu suna bi. Shekara huɗu aka yi kafin a kafa turken farko. Tabkin tsohuwar nan ba a buɗe shi ba har ta rasu.

Mun ba da wannan labari ne don samarin da ke tambayarmu ta ina ake shiga aikin kare haƙƙin makiyaya. Suna zaton sai mutum ya iya Faransanci, ko sai yana da wani a Yamai. Ba haka ba ne. Ta gindin itace ake shiga, ranar biki.

To, me ke cikin dokokin nan da har ake tsoron a karanta su da ƙarfi? Bari mu faɗi kaɗan, don wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Tun ran 26 ga Mayu 1961 akwai doka mai lamba 61-05 da ta ja iyakar noma ta arewa. A jihar Maraɗi iyakar tana bin kwarin Tarka. Arewa da layin nan ƙasar kiwo ce, ba a yarda a buɗe sabbin gonakin damana ba, in ban da ɗan abin da makiyayi zai shuka don bakinsa. Ku da kuke bin hanyar Dakwaro zuwa Bermo, ku faɗa mana inda gonaki suka kai yau. Ran 2 ga Maris 1993 aka sa hannu kan doka mai lamba 93-015, uwar dokokin karkara, wadda ake kira Kod Rural. Ita ce ta yarda cewa makiyayi ma yana da ƙasar zama, inda rijiyarsa take, inda yake dawowa kowace shekara, kuma shi ne na farko wajen amfani da ita, ko da yake ba zai hana baƙo ruwa ba. Ita ce ta kafa kwamitocin filaye, wato Kofo, tun daga na gari ko ruga, zuwa na komin, zuwa na gunduma, kuma a kowane ɗaya akwai kujerar makiyaya, akwai ta mata, akwai ta samari.

Sannan ran 20 ga Mayu 2010 aka sa hannu kan dokar kiwo mai lamba 2010-029. Wannan ba kyauta aka ba mu ita ba. Kusan shekara goma ƙungiyoyin makiyaya suna fama, irin su AREN da aka kafa a 1990, da Daddo, da haɗakar CAPAN, da wasu da dama, suna bin jiha jiha, ana cire layi suna mayar da shi. Dokar ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na asali, gwamnati ce za ta kare shi. Ta ce ba wanda zai killace filin kiwo na kowa da kowa ya mai da shi nasa shi kaɗai. Ta sa tazara tsakanin wuraren ruwa a ƙasar kiwo: kilomita 15 ga rijiyar gargajiya, 20 ga ta siminti, 30 ga fanfo mai inji, don kada a tara rijiyoyi wuri ɗaya haki ya ƙare. Ta sa ƙa'ida kan tattara haki ana lodawa a mota ana kai wa birni. Ta ce gwamna ne ke sa ranar sakin gonaki bayan shawara, kuma bayan ranar nan mai gonar damana ba shi da diyyar ɓarna.

Yanzu ku gaya mana gaskiya. A wane biki aka taɓa karanta muku wannan daga cikin rumfa, da lasifika, da harshen da kuke ji? Sunan dokar dai ana faɗa, a yi tafi. Abin da ke cikinta ba a faɗa. Mutum yana biyan tara a watan Janairu kan kara da ya kamata ya ci kyauta, bai san an cuce shi ba, har yana godiya da aka rage masa jika biyu. Mutum yana ganin an kafa waya an zagaye daji mai tafiyar wuni guda, an sa mai gadi a ƙofa, sai ya ce ikon Allah, ya kewaye. A watan Maris na 2025 an rubuta cewa Hausa ita ce harshen ƙasa. Madalla. To a fara da dokar kiwo, a karanta ta da Hausa a filin biki, a karanta ta da Fulatanci, da Tamajak, da Tubanci, da Larabci, layi layi, tun kafin raƙuma su wuce.

Mun san abin da wasu dattawanmu za su ce, don sun sha faɗa mana. Sun ce biki wurin farin ciki ne, ba a kawo ƙara gaban baƙo, abin kunya ne, ba halin Fulbe ba ne. Baba, muna jin maganarku, kuma ku kuka koya mana kunya. Amma ku kuka ba mu labarin yadda iyayenku suke zama ranar Worso su yi ta magana har dare kan rijiyar da aka ƙwace. Su ba su da kunya ne? Kunyar da ke sa mutum ya bar wa baƙo shimfiɗarsa mun san ta, muna kuma alfahari da ita. Wadda ke sa ya yi shiru ana sayar da mashayar jikokinsa, wannan wani abu ne daban, kuma masu sayarwar sun fi kowa yabon ta. Ku lura da wanda ke yawan cewa makiyayi mutum ne mai haƙuri. Galibi yana da waya a bayan motarsa.

Wasu malamai kuma suna cewa biki shagala ne, kada a je. Ba mu da ilimin da za mu ja da su kan rawa da kiɗa, kowa ya san inda ya tsaya. Muna dai roƙonsu su zo zaman safe, inda babu ganga. Hana makiyayi ruwa zalunci ne, sa bisa cikin gonar mutum da gangan zalunci ne, kuma bakin malami ya fi namu nauyi a kan duka biyun.

Akwai kuma masu cewa lokaci bai dace ba, ƙasa tana cikin matsalar tsaro, tara mutane ana maganar haƙƙi tunzura jama'a ne. Wa ya fi mu sanin matsalar tsaro? Shanun wa ake korawa da dare a kan iyakar Maraɗi da Tawa? Ƴaƴan wa ake sacewa a nemi kuɗin fansa? Wa aka raba da wuraren kiwonsa a arewacin Tilaberi da bakin tabkin Cadi? Sannan idan ya shigo kasuwa a dube shi da ido ɗaya saboda rawaninsa da harshensa. Samarin da suka ɗauki bindiga suka shiga daji ba mu wanke su ba, kuma mu suka fara ci. Amma ku tambayi yadda ake jan su. Wani ne ke zuwa da dare ya ce wa yaro: an ci burtalinka, an ci ubanka tara, babu mai jin ka, zo mu ba ka abin da za a ji ka da shi. Yaron da ya ga an rubuta ƙarar ubansa a kaye da rana tsaka, aka kai ta Kofo, ya ga an kafa ko da turke ɗaya, yana da amsar da zai ba mutumin daren nan. Wanda aka ce masa ya yi rawa ya tafi gida, ba shi da ita.

Yanzu mu juyo kan kanmu, mu mutanen ƙungiyoyi, don in mun tsaya kan rumfa kaɗai mun yi son kai. Tun da kuɗin poroje suka shigo, aikinmu ya koma ɗakin taro. Taron bita a otel a Yamai, taron bita a Maraɗi, da sanyin na'ura, da kuɗin zama. Fuskokin nan dai su ne kullum, mu talatin ko arba'in, mun san juna, mun san jawabin juna. Mu ma mun zauna, mun karɓa, ba mu ce mun fi kowa ba. A ɗakin nan ana cewa makiyayi, makiyayi, amma wanda ke bayan saniya bai taɓa shiga ba. Kuɗin taron bita ɗaya na kwana uku zai ɗauki lasifika da batir da masu fassara zuwa bukukuwa da yawa. Me ya sa ba a yi? Don a gindin gawo babu kuɗin zama, kuma a gindin gawo ana iya tambayar shugaban ƙungiya ina dusa da anguryar da aka aiko a farin 2010, lokacin da ake sayar da saniya kuɗin da bai kai buhun hatsi ba, wa ya samu, wa bai samu ba. A otel ba mai yin wannan tambaya.

Kuma ba duk mai killace daji ne baƙo ba. Akwai namu, masu garke dubu, da suka haƙa rijiya suna sayar wa ɗan uwansu ruwa, su cinye hakin da ke kewaye su kaɗai. Akwai masu ɗaukar yaro kiwo shekara guda a kan abin da bai kai kuɗin takalmi da shayi ba. Irin waɗannan ba sa tsayawa bayan igiya, suna cikin rumfa, su ake kira wakilanmu. Akwai kuma maganar da ba a so a taɓa: mutanen da har yau ake kira da sunan bayi a wasu rugage da zangona, su ke jan ruwa, su ke girka abincin bikin, ba a ba su tabarma idan an zauna shawara. Tun 2003 dokar ƙasar nan ta mai da bauta babban laifi, bayan faman da ƙungiyar Timidiriya da wasu suka yi. Idan zaman da muke kira zai zama na masu asali ne kaɗai, to mun kafa wata rumfar ce ƙarama.

Mata fa? Ranar biki su ne ado, su ke jera ƙorai a zo a gani a yaba. Amma su ke tafiyar awa uku neman ruwa, su ke sayar da nono su sayo hatsi, su ke sanin ranar da maraƙi ya fara zawo. Matar da naƙuda ta zo mata da gardama a daji, amalanke ne motarta zuwa likita. Tsohuwar da muka ba ku labari ta fi duk mazan da ke wurin sanin hanyar tabkin nan, kuma sai da ta kutsa kanta. Kujerar mata a Kofo tana nan a takarda. A wurare da yawa mai gari ne ke rubuta sunan wata daga gidansa, ita kanta ba ta san an rubuta ba. Ranar biki, da lame da sauran mata suna wuri ɗaya, su zaɓi tasu da bakinsu, mu rubuta, mu kai.

Wani zai ce, to ku yi taronku ku kaɗai mana, kamar yadda Woɗaɓe suka fara shirya nasu babban taro a shekarun 2000, da suka ga a Ingal an mai da su abin kallo. Sun yi daidai, kuma sun nuna cewa ana iyawa. Amma ba za mu bar wa kowa manyan bukukuwa ba, namu ne. Kuma akwai wanda dole mu gayyata da kanmu, ba rumfa ta gayyato mana shi ba: manomi. Ba babban mai gona na birni ba, talaka irinmu, wanda gonar ubansa aka raba wa ƴaƴa takwas, ƙasa ta gaji, shi ya sa yake ɗan ciko burtali kowace shekara. Shi ma yana da akuya da sa na amalanke, shi ma yana ba mu kiwo. Iyayenmu suna kwana a gonarsa bayan kaka, shanu su ba shi taki, shi ya ba su hatsi. Garin Bangi, cikin ƙasar Madawa, an san shi da Hotungo, kuma a wannan garin ne aka kashe kimanin mutum 20 a farkon Nuwamba 2016 kan maganar ɓarnar gona. Duk shekara ana haɗuwa a fili ɗaya ana kallon shanu, amma sau nawa ake zaunar da mai gona da mai garke a tabarma ɗaya kafin kaka, su tsayar da ranar shiga kara, da hanyar da za a bi, da wanda za a kira idan an yi ɓarna? Kuma a zaman nan sai mu faɗi namu laifin. Akwai yaranmu da ke sa shanu cikin hatsi da dare da gangan, mun san su, muna rufa musu asiri, ranar da wuta ta tashi kuma mata da yaran da ba su san komai ba su ke biya.

Ƴan uwa, hanyoyin da muka saba bi suna ta ƙuntata. A 2017 jihar Binuwai ta Najeriya ta hana kiwon sake. A ƙarshen 2019 ƙasar Benin ta rufe ƙofa ga garken da ke ƙetaro iyaka. Garken da da yake cin rani a kudu yanzu a nan yake tsayawa, haki bai ƙaru ba, gonaki ba su ja baya ba. A cikin gida kuma, majalisun komin da aka fara zaɓa a 2004, inda ƴan namu ƙalilan suka samu shiga, an rushe su a watan Afrilu na 2024, jam'iyyun siyasa kuma an rushe su a Maris 2025. Ba yabo ko suka muka zo yi kan wannan ba. Muna dai cewa wuraren da talakan makiyayi zai buɗe baki a ji shi ba su da yawa, kuma wanda ya rage a hannunsa, wanda ba wani ne ya ba shi ba, shi ne taron da kakanninsa suka bar masa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2026 ta ce ta makiyaya ce da filayen kiwo. Irin wannan yakan zo da riguna masu rubutu da ƙarin jawabai. In ba mu shirya abin da za mu ce ba, rigar kawai za mu samu.

Ga abin da muke nema daga masu shirya biki, kuma ba roƙo ba ne. Wakilin makiyaya ya yi magana da farko, manya suna zaune, da harshensa, kuma kada a karɓi takardarsa kafin ranar. Alƙawarin da aka yi bara a karanto shi bana, a ce wannan an yi, wannan ba a yi ba. Tun da ana kawo likitan dabbobi da allura, a kawo alƙali da magatakarda su yi wa yara da manya takardar haihuwa a nan filin, don rashin takardar nan ke hana yaro jarrabawa, ke sa a sauke uba daga mota a kowane shinge.

Samari masu waya a hannu, ku da kuke ɗaukar rawa kuna turawa ta WhatsApp, ba mu hana ku ba, mu ma da muna da ita da mun ɗauka. Amma ku taso da safe ku ɗauki karatun doka ma, ku tura wa waɗanda suka tsaya da garke ba su samu zuwa ba. Wanda ya yi ko aji huɗu ne, ya zo, hannunsa muke so.

Bana, in Allah ya kai mu, duk bikin da ƙafarmu ta kai, za ku same mu washegarin buɗewa, da hantsi, a gindin itacen da ya fi kusa da rijiya. Wanda hanyarsa ta toshe ya zo da sunan wurin, da shekarar da aka toshe, da shaidu biyu. Wanda aka ci shi tara ya zo da takardar da aka ba shi, in ba a ba shi takarda ba ya zo ya faɗi haka, shi ma za mu rubuta. Wanda yake da maƙwabci manomi da suke gaisawa, ya taho da shi. Mata suna da tabarmarsu a gaba, ba a gefe ba. Kaye da bik mu za mu kawo. Shayi da sukari kuma kowace ruga ta zo da nata, don babu poroje a cikin wannan.